Guraben Da Mendeleev Ya Bari: Tarihin Jadawalin Sinadarai



Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya a sakandare ya san wani babban allo mai gida-gida da ake mannawa a bangon ɗakin gwaje-gwaje, ko a buga shi a bayan littafin kemistiri. Kowane gida da harafi ɗaya ko biyu a cikinsa, da lamba a sama, da wata lambar a ƙasa. Malami ya ce a haddace guda ashirin na farko, ɗalibai su yi ta rera su daga haidirojin har kalsiyam, ana fitowa daga jarrabawa kuma haddar ta bi ruwa. Wannan allo shi ne jadawalin sinadarai. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba shi ne, mutumin da ya tsara shi littafi yake rubutawa a lokacin, kuma ya maƙale ne a kan tambayar da kowane mai rubutu ya sani: me zai zo da farko, me zai biyo baya? Amsar da ya samo ta zarce littafin nesa ba kusa ba, kuma abin da ya ɗaga darajarta shi ne gidajen da ya bari babu kowa a ciki.

Kafin mu shiga labarin, bari mu daidaita kalmomi biyu. In na ce sinadarin asali, ina nufin abin da ko an ƙona shi, ko an narka shi, ko an haɗa shi da wani abu, ba zai rabu ya koma abubuwa biyu mabambanta ba. Zinare da azurfa da ƙarfe da dalma da kuza da zaiba da farar wuta duk na asali ne. Gishirin miya kuwa haɗi ne na sodiyam da kulorin, ruwan sha kuma haɗi ne na haidirojin da oksijin. Zarra, wadda wasu ke kira atom, ita ce mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadarin asali da ke ɗauke da halinsa.

DAGA ABUBUWA HUƊU ZUWA 63

Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masanin Girka mai suna Democritus ya ce in aka yi ta yanka abu, dole a kai ga wata 'yar ƙwaya da ba ta yankuwa. Daga kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ba ya yankuwa aka samo sunan atom. Sai dai ra'ayin Aristotle ne ya yi rinjaye, cewa komai daga abubuwa huɗu aka yi shi: ƙasa da ruwa da iska da wuta. Wannan fahimta ta shafe kusan shekara dubu biyu tana cin kasuwarta. Masanan zamanin daular Abbasiyya irin su Jabir bn Hayyan sun gaje ta, suka ƙara da cewa ƙarafa duka daga zaiba da farar wuta suke, bambancinsu a gwargwadon haɗin ne kawai. Maganar ba ta tabbata ba, amma a garin neman mayar da dalma zinare sun ƙware wajen tacewa da narkarwa da tatso ruwa daga tururi. Daga sunan sana'ar tasu, alkimiya, kalmar kimiyya ta shigo bakinmu.

Neman zinaren ne ma ya sa wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ya yi ta dafa fitsari a birnin Hamburg, har a 1669 ya samu wani farin abu mai haske cikin duhu. Fosfaras ke nan, sinadarin asali na farko da tarihi ya riƙe sunan wanda ya gano shi.

Wanda ya kawo tsari cikin lamarin shi ne Antoine Lavoisier na Faransa. Shi sikeli ya riƙe, yana auna komai kafin ya ƙona shi da bayan ya ƙona. A 1789 ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ɗauka na asali ne. A cikinsu har da haske da zafi, waɗanda daga baya aka cire su. Shekara biyar bayan nan, a 1794, masu juyin juya halin Faransa suka fille masa kai saboda aikin karɓar haraji da ya yi wa gwamnatin sarki.

Sai John Dalton, wani malamin makaranta a Manchester ta Ingila, ya farfaɗo da maganar zarra a littafinsa na 1808. Ya ce kowane sinadarin asali da irin zarrarsa, kuma kowace zarra da nauyinta. Ba wanda zai iya ɗora zarra ɗaya a sikeli, don haka aka ɗauki haidirojin, mafi sauƙin nauyi, aka ba shi 1, ana auna sauran da shi. A daidai wannan lokaci Humphry Davy yana Landan yana ratsa wutar batir cikin narkakkun sinadarai, a 1807 ya fito da sodiyam da fotasiyam. Berzelius na ƙasar Suwidin kuma ya kawo dabarar ba kowane sinadari harafi ɗaya ko biyu daga sunansa na Latin. Shi ya sa ɗalibi ke mamakin ganin Na a gidan sodiyam. Daga kalmar natrun ta fito, wato irin kanwar nan da muke jefawa a tukunyar wake. Harafin K na fotasiyam kuwa asalinsa kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai, kuma ruwan tokar da mata ke tacewa don miya ko sabulu fotasiyam ne ke aiki a cikinsa.

Haka aka yi ta ganowa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 1869 an san sinadaran asali 63. Tarin ya yi yawa, ga shi ba wanda ya san ko saura nawa, ko kuma akwai wata doka da ta haɗa su.

WAƊANDA SUKA FARA HANGOWA

A 1829 Johann Döbereiner na Jamus ya lura cewa wasu sinadarai uku-uku suke tafiya kamar 'yan ɗaki ɗaya. Litiyam da sodiyam da fotasiyam duk ƙarafa ne masu laushi da wuƙa ke yankawa, kuma duk suna tafarfasa in sun taɓa ruwa. Nauyinsu 7 da 23 da 39. Haɗa 7 da 39 ka raba biyu, sai ga 23. Haka kulorin da buromin da aidin, na tsakiyan nauyinsa kusan rabin jimlar sauran biyun ne. Alama ce babba, amma ba ta game dukkan sinadarai ba.

Abin da ya hana ruwa gudu shi ne masanan kansu ba su yarda da nauyi ɗaya ba. Kowa ya san giram 1 na haidirojin yana haɗuwa da giram 8 na oksijin a samu ruwa. In ruwa zarra ɗaya ce da ɗaya, kamar yadda Dalton ya zata, nauyin oksijin 8 ne. In kuwa haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya, to 16 ne. Wani ya rubuta 8, wani ya rubuta 16, kowa da kiɗansa. Don a kashe wannan rikici aka kira taro a birnin Karlsruhe na Jamus a watan Satumba na 1860, masana kusan 140 suka hallara. A nan wani ɗan Italiya, Stanislao Cannizzaro, ya nuna hanyar fitar da nauyi na gaskiya bisa ra'ayin da ɗan ƙasarsu Avogadro ya kawo tun 1811 aka yi biris da shi. Cikin mahalarta akwai samari biyu da maganar ta shige su sosai: Lothar Meyer na Jamus, da wani ɗan Rasha mai shekara 26, Dmitri Mendeleev.

Da nauyi ya daidaita, sai masu hange suka yawaita. A 1862 wani Bafaranshe masanin duwatsu, de Chancourtois, ya jera sinadaran a zagaye a jikin wani abu mai siffar ganga, masu kama da juna suka faɗo a layi ɗaya. Mujallar da ta buga bayanin ta bar zanen a waje, don haka kusan ba wanda ya gane abin da yake nufi. A Landan kuma John Newlands ya ce in aka jera su bisa nauyi, kowane na takwas yana maimaita halin na farko, kamar yadda in ka ƙirga kwana bakwai daga Juma'a za ka sake faɗawa kan Juma'a. Da ya gabatar da wannan a gaban ƙungiyar masana kemistiri a 1866, wani daga cikinsu ya yi masa shaguɓe, ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa haruffan farkon sunayensu. Ƙungiyar ta ƙi buga takardar.

Newlands ya hango gaskiya, amma akwai inda ya yi tuntuɓe. Ya ɗauka sinadaran da aka sani su ke nan, sai ya cusa kowa a gida ko ya dace ko bai dace ba. Wani wurin ya zuba biyu a gida ɗaya, har ƙarfe ya faɗa layin oksijin da farar wuta, waɗanda ba abin da ya haɗa shi da su. Daga kalsiyam zuwa gaba tsarin nasa ya wargaje.

ƊAN AUTAN TOBOLSK

An haifi Mendeleev a 1834 a garin Tobolsk na yankin Siberiya, shi ne auta a gida mai 'ya'ya fiye da goma. Mahaifinsa shugaban makaranta ne, ya makance ya bar aiki. Mahaifiyarsa Maria ta ɗauki nauyin gidan da wata masana'antar gilashi ta danginta. Mahaifin ya rasu a 1847, a shekarar da ta biyo baya kuma masana'antar ta ƙone ƙurmus. Matar nan ba ta karaya ba. Ta ɗauki ɗan autanta ta yi doguwar tafiya da shi zuwa Mosko don ya shiga jami'a, aka ƙi karɓarsa. Suka wuce St Petersburg, inda ya samu gurbi a kwalejin horon malamai a 1850. Bai daɗe da shiga ba ta rasu.

A 1867 ya zama farfesan kemistiri a Jami'ar St Petersburg. Ya duba littattafan da ke akwai da harshen Rashanci bai ga wanda ya gamsar da shi ba, sai ya ɗaura ɗamarar rubuta nasa, wanda ma'anar sunansa ita ce Ginshiƙan Kemistiri. Ya gama juzu'i na farko, sai ya tarar sinadarai takwas kacal ya yi bayani. Saura 55, kuma juzu'i ɗaya ya rage masa. In ya ci gaba da bin su ɗaya-ɗaya, littafin ba zai ƙare ba. Dole ya tara su dangi-dangi, dole kuma ya san wane dangi ne zai biyo bayan wane.

Ranar 1 ga Maris 1869, wadda a kalandar Rasha ta lokacin take 17 ga Fabrairu, ya shirya tafiya duba wasu wuraren yin cuku a karkara. Ya fasa tafiyar ya zauna kan takarda. Ana yawan ba da labarin cewa a mafarki ya ga jadawalin, amma takardun da ya bari cike suke da gogewa da sakewa da lambobin da aka tsallakar daga nan zuwa can, aikin mutumin da ya shekara da shekaru yana juya abu ɗaya a ransa.

Ga abin da ya gani. Litiyam 7, beriliyam 9, boron 11, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, fulorin 19. An fara da ƙarfe mai laushi, an ƙare da iska mai guba. Na gaba shi ne sodiyam 23, ƙarfe mai laushi kamar litiyam. Sai maganiziyam 24, alminiyam 27, silikon 28, fosfaras 31, farar wuta 32, kulorin 35.5, wata iskar mai guba kamar fulorin. Na gaba kuma fotasiyam 39, an sake komawa ƙarfe mai laushi. Hali yana zagayowa. In ka yanke jerin a duk inda ya zagayo, ka ɗora layi a ƙarƙashin layi, 'yan dangi ɗaya za su tsaya a sahu ɗaya.

GIDAJE UKU BABU KOWA

Har zuwa nan bai wuce Newlands da Meyer da nisa ba. Meyer ma ya fitar da jadawali mai sinadarai 28 tun 1864. Inda Mendeleev ya yi musu fintinkau shi ne yadda ya yi da wuraren da tsarin ya ƙi tafiya.

Na farko, in sinadari ya faɗa gidan da halinsa bai dace ba, sai ya ce masu awo ne suka yi kuskure. Yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, ana ba shi nauyin 120 a lokacin. Ya ce a ninka shi ya koma 240. Awon yau 238 ne. Na biyu, teluriyam ya fi aidin nauyi kaɗan, don haka bisa ƙa'ida aidin ne zai riga shi. Amma aidin ɗan dangin kulorin ne a fili, sai ya sauya musu wuri ya bi hali ya bar nauyi.

Na uku shi ne babba. Bayan tutiya mai nauyin 65, sinadarin da aka sani na gaba shi ne asenik mai 75. In aka matso da asenik kusa da tutiya, zai faɗa ƙarƙashin alminiyam, alhali halinsa na dangin fosfaras ne. Mendeleev ya kai shi ƙarƙashin fosfaras, ya bar gida biyu a tsakani babu kowa. Ya bar wani gidan kuma bayan kalsiyam. Ya ce masu gidajen suna nan a duniya, ba a dai gano su ba ne tukuna.

A 1871 ya ƙara gaba. Ya raɗa musu sunayen wucin gadi da kalmar eka, wadda ke nufin ɗaya a harshen Sanskrit na Indiya: eka-alminiyam, eka-boron da eka-silikon, wato mai gida ɗaya a ƙarƙashin wane. Ya dubi maƙwabtan kowane gida na sama da ƙasa da dama da hagu, ya lissafa yadda mai gidan zai kasance. Eka-silikon, misali, yana tsakanin silikon, wanda shi ne jigon yashi, da kuza irin wadda ake haƙowa a Jos. Ya ce nauyin zarrarsa zai kai 72, zai zama ƙarfe mai ruwan toka, kuma in aka cika mudu da shi zai ninka mudun ruwa nauyi sau 5.5. Duba irin kasadar da ke cikin wannan. Da ya ce wata rana za a gano sababbin sinadarai ya yi shiru, ba mai kama shi. Shi kuwa lambobi ya rubuta ya buga a mujalla, inda duk mai sikeli zai iya kunyata shi.

Shekara huɗu shiru. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, yana binciken wani dutsen tutiya da na'urar rarrabe haske. Wannan na'ura, wadda Bunsen da Kirchhoff suka ƙera a Jamus wajen 1860, tana nuna layukan launi da kowane sinadari ke fitarwa in ya ji wuta, kuma ba sinadarai biyu da layukansu suka zo ɗaya. Ya ga layuka biyu masu launin shuni da ba na kowa ba. Ya raɗa wa sabon ƙarfen suna galiyam, daga tsohon sunan Faransa. Ya auna ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, wanda ko ƙyallin ƙarfen bai taɓa gani ba, ya aika da takarda cewa wannan eka-alminiyam ɗinsa ne, kuma a sake awo, domin kamata ya yi a samu kusan 5.9. Lecoq ya sake tace ƙarfen ya auna, sai ga 5.9. Mendeleev ya ce nauyin zarrarsa 68, aka samu kusan 70. Ya ce zai narke da ɗan zafi kaɗan, ga shi galiyam yana narkewa a digiri 30 bai cika ba, wato a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko a inuwa ka ajiye shi zai zama ruwa.

A 1879 Lars Nilson na Suwidin ya gano sikandiyam, eka-boron ke nan: an yi hasashen 44, aka samu 45. A 1886 Clemens Winkler na Jamus ya gano jamaniyam, eka-silikon: an ce 72, aka samu 72.6, an ce sau 5.5, aka samu 5.35. Gani ya kori ji. A 1882 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta ba Mendeleev da Meyer lambar yabo tare, a 1887 kuma ta ba Newlands irinta, shekara 21 bayan an yi masa dariya.

BAƘIN DA BA A YI WA SHIMFIƊA BA

Kada a ɗauka duk abin da ya faɗa ya tabbata. Ya yi hasashen wasu sinadarai da har yau babu su, ciki har da biyu da ya ce sun fi haidirojin sauƙin nauyi. Akwai kuma dangi guda cur da bai hango ba.

A 1894 Lord Rayleigh da William Ramsay suka gano wata iska da ke ɓoye cikin iskar da muke shaƙa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Rayleigh ne ya lura naitirojin da aka tace daga iska ya ɗan fi wanda aka haɗa a ɗakin gwaji nauyi, ya ƙi kawar da kai daga wannan ɗan bambanci. Sabuwar iskar ba ta haɗuwa da komai, shi ya sa aka kira ta agon, daga kalmar Girkanci mai nufin malalaci. Ba ta da gida a jadawali. Mendeleev ya fara cewa ai naitirojin ne da zarrarsa ta haɗu uku-uku. Amma Ramsay ya samo hiliyam a 1895, sannan shi da Morris Travers suka samo niyon da kirifton da zenon a 1898. Da suka taru sai aka ga dangi ne guda, aka ƙara musu sahu a gefe tsakanin dangin kulorin da na sodiyam, suka zauna daram ba tare da an ture kowa ba.

Tambayar da Mendeleev bai iya amsawa ba ita ce: me ya sa hali ke zagayowa? Kuma me ya sa teluriyam da aidin suka saɓa ƙa'idar nauyi? An yi ta sake awo, teluriyam ya ƙi sauka. Ya rasu a 1907 bai ga amsar ba. Hasali ma bai saki jiki da maganar cewa zarra na iya rabuwa ba, alhali amsar tana cikinta.

ABIN DA KE CIKIN ZARRA

A 1897 J.J. Thomson na Jami'ar Cambridge ya gano ilektiron, wata 'yar ƙwaya mai cajin lantarki da ta fi zarrar haidirojin sauƙi kusan sau 1,800. Ashe abin da aka ce ba ya yankuwa yana da 'yan ciki. A 1909 a Manchester, Geiger da Marsden, masu aiki ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka yi ta harba wasu ƙwayoyi masu caji a kan fallen zinare da ya fi fatar albasa siranta. Kusan duka suka ratsa suka wuce, 'yan ƙalilan kuwa suka yi tsalle suka dawo baya. A 1911 Rutherford ya fassara abin: kusan dukkan nauyin zarra yana dunƙule a wata 'yar cibiya a tsakiya, sauran fili ne da ilektiron ke kewayawa. In zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba.

Sai wani saurayi daga ɗakin gwajin Rutherford, Henry Moseley. A 1913 da 1914 ya auna hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, da ƙarafa daban-daban ke fitarwa, daga alminiyam har zinare. Ya ga hasken yana hawa mataki ɗaya-ɗaya daga wannan gida zuwa na gaba, kamar matattakala. Abin da ke ƙaruwa da ɗaya a kowane mataki shi ne cajin cibiya, wato adadin ƙwayoyin da daga baya aka kira furoton. Wannan ita ce lambar da ke saman kowane gida. Haidirojin furoton 1, kabon 6, ƙarfe 26, zinare 79. Teluriyam 52 ne, aidin 53. Ashe Mendeleev ya zaunar da su daidai, dalilin da ya bayar ne kawai ba daidai ba. Masu awo ba su yi kuskure ba. Teluriyam ya fi nauyi ne saboda yawan niyutiron, wata ƙwaya marar caji da ke zaune a cibiya tare da furoton, wadda James Chadwick ya gano a 1932.

Da lamba ta zo, sai ƙirga guraben ya zama kamar kiran suna a aji. Moseley ya nuna babu kowa a gida na 43 da 61 da 72 da 75. Bai ga cikarsu ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga soja, aka harbe shi a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya ranar 10 ga Agusta 1915, yana da shekara 27.

Dalilin zagayowar hali kuwa ya fara bayyana daga aikin Niels Bohr na Denmark a 1913. Ilektiron a zobe-zobe suke zaune kewaye da cibiya. Zoben farko biyu yake ɗauka, na biyu takwas. Litiyam yana da 3: biyu a ciki, ɗaya a waje. Sodiyam yana da 11: biyu, takwas, ɗaya. Fotasiyam yana da 19: biyu, takwas, takwas, ɗaya. Kowannensu ilektiron ɗaya ne a zobensa na waje, kuma zoben waje shi ke hulɗa da duniya, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Kulorin yana da 17: biyu, takwas, bakwai, saura ɗaya ya cika takwas. Sodiyam ya miƙa ɗayan da ya yi masa yawa, kulorin ya karɓa, suka manne da juna. Ƙarfen da ke tafarfasa a ruwa da iskar da ke shaƙe mutum suka zama gishirin da muke sa wa miya. Niyon da agon kuwa takwas ɗinsu a cike take, ba su neman komai wurin kowa. Wannan ne ya sa suka daɗe a ɓoye.

CIKAR JADAWALI

An cike gida na 72 a 1923, na 75 a 1925. Na 43, wanda Mendeleev ma ya bar masa gurbi ƙarƙashin manganis, sai a 1937 aka same shi a Italiya daga wani ƙarfe da aka sarrafa a na'ura, shi ne sinadari na farko da ɗan Adam ya ƙera. Na 61 ya zo a 1945. Daga nan aka ci gaba da ƙera waɗanda suka fi yuraniyam nauyi. A 1955 masana a Amurka, cikinsu har da Glenn Seaborg, suka ƙera na 101 suka raɗa masa suna mendelebiyam, a lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji da juna. A 2016 aka raɗa wa huɗu na ƙarshe suna, layi na bakwai ya cika, adadi ya kai 118. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2019 a matsayin shekarar jadawalin, don cikarsa shekara 150.

In ka sake cin karo da allon nan, nemi gida na 21 da na 31 da na 32. A 1871 ba kowa a cikinsu sai lambobin da wani marubucin littafin makaranta ya lissafa. Yana da damar ya matso da asenik ya toshe ramin, shafin ya yi kyau a ido, kamar yadda Newlands ya yi. Ya bar su a buɗe, ya rubuta abin da ya kamata a tarar, ya jira shekara 15 kafin na ƙarshensu ya bayyana. Littafin da ya jawo duk wannan kuwa ya kammala shi a 1871, aka buga shi har sau takwas a rayuwarsa, aka kuma fassara shi zuwa Jamusanci da Ingilishi da Faransanci.